Yadda Ake Gane Ƙamshi, Ɗanɗano da Ƙarkon Jan Ruwan Inabi, Mataki-mataki

Tambayoyi biyu ne suka fi yawan zuwa daga masu karatu. Ta farko daga matasan da ke aiki a otal-otal da gidajen abinci na Abuja, Jos, Legas da Akara: in baƙo ya ce a kawo masa jan ruwan inabi mai kyau, ta yaya ake gane mai kyan? Ta biyu daga masu shago da masu shirin biki: an ce yana ƙara daraja in ya tsufa, to shekara nawa za a ajiye shi?

Bari in fara da ta biyun, domin a nan aka fi yin asara. Mafi yawan jan ruwan inabin da ke kasuwa an yi shi ne don a sha cikin shekara ɗaya zuwa uku. Kaɗan ne ƙwarai tsufa ke gyarawa, kuma su ma sai an ajiye su cikin sanyi. A zafi irin namu, kwalbar da aka bari a kan kanta tana mutuwa ne a hankali mai ita na murna wai tana nuna.

Ruwan inabin da ake magana a kai giya ce, ƙarfinta kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari. Musulunci ya haramta ta, jihohin Arewa masu aiki da shari'a kuma sun hana sayar da ita. Wannan jagora na baligin da addininsa da dokar garinsu suka ba shi dama ne. Ba na yaro ba ne, ba na mai ciki ba, ba na wanda zai kama sitiyari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a Janairun 2023 cewa babu adadin barasar da za a ce bai da illa ga jiki, masu wannan sana'a kuwa kurɓa suke yi su tofar, kuma haka zan koyar a nan.

1. Haɗa kayan aiki

Kana buƙatar kofin gilashi mai ƙafa, mai faɗin ciki, bakinsa a ɗan tsuke. Tsukewar bakin ce ke tara ƙamshi. Kofin gwaji na ƙa'idar ISO, hukumar tsara ma'auni ta duniya, yana cin mililita 215, amma duk kofi mai wannan siffa zai yi. Sai mabuɗin kwalba irin na masu hidimar tebur, mai 'yar wuƙa a jiki. Sai farar takarda, ruwan sha, burodi marar zaƙi, mazubin da za ka tofa, da littafi da biro. Ƙaramin ma'aunin zafi ma yana da amfani, kuma ba shi da tsada.

Duk waɗannan in an haɗa ba su wuce kuɗin kwalba ɗaya ko biyu masu matsakaicin farashi ba. Babban kashe kuɗi yana mataki na 10, wajen ajiya.

Gargaɗi: kada ka fesa turare, kada a kunna turaren wuta a ɗakin, kada ka ci goro, yaji ko alewar na'a-na'a kafin gwaji. Ka shinshina kofin tun yana wofi. In yana warin sabulu ko na kabad, ɗauraye shi da ruwa zalla.

2. Karanta takardar jikin kwalba

Abu huɗu za ka nema: irin inabin ko yankin da aka noma shi, shekarar girbi, ƙarfin barasa, da sunan wanda ya yi shi.

Ƙasashe kamar Afirka ta Kudu, Chile, Ajantina da Ostireliya sukan rubuta sunan inabin ƙarara: Cabernet Sauvignon, Merlot, Shiraz, Malbec, Pinotage. Faransa, Italiya da Sifaniya kuwa sunan wuri suka fi sakawa, sai kai ka san abin da ke ciki. Jan Bordeaux galibi haɗin Cabernet Sauvignon da Merlot ne. Jan Bourgogne Pinot Noir ne. Beaujolais Gamay ne. Barolo da Barbaresco daga Nebbiolo ake yin su, Chianti da Brunello di Montalcino daga Sangiovese, Rioja kuma mafi yawansa Tempranillo ne.

Wasu kalmomi doka ce ta tsaya musu, don haka suna gaya maka gaskiyar daɗewar ruwan kafin ya fito kasuwa. A Rioja, jan Crianza sai ya yi shekara 2, aƙalla ɗaya a cikin gangar itace. Reserva shekara 3, Gran Reserva shekara 5, aƙalla biyu a ganga. Barolo sai ya yi wata 38, 18 daga ciki a itace, Riserva ɗinsa kuma wata 62. Brunello ba ya fita sai Janairun shekara ta biyar bayan girbi.

Gargaɗi: kalmar Reserve ko Reserva a kwalbar wasu ƙasashe ado ne kawai, ba wata doka mai tsauri a bayanta. Kwalbar da ba ta da shekarar girbi kuma galibi haɗin shekaru ne da aka yi don sha nan take. Kada ka ajiye ta.

3. Duba kwalbar kafin ka biya

Ɗaga ta sama ka ga inda ruwan ya tsaya. A kwalbar da ba ta wuce 'yan shekaru ba, ya kamata ya kai cikin wuya. In ya sauko kafaɗa, iska ta shiga. Shafa saman marfin da yatsa: in toshiyar ta turo sama, ko akwai busasshen zane ja da ya gangaro jikin takardar, zafi ya dafa ta a hanya ko a shago. Ajiye ta, ko da an rage maka kuɗi.

Dubi inda mai shago ya jera kayansa. Kwalbar da ke tsaye bakin taga rana na dukanta, ko wadda ta shekara a shagon kwano ba na'urar sanyi, ta riga ta lalace ko sunanta ya kai ina.

Sai maganar jabu, wadda ta wuce asarar kuɗi. A Disambar 2023 hukumar NAFDAC ta rufe shaguna fiye da 200 a kasuwar Cemetery ta Aba, inda ake haɗa jabun giya da lemuka ana ɗurawa a kwalaben manyan kamfanoni. Jabun giya kan ƙunshi sinadarin metanol, wanda ke makantarwa, ya kuma kashe. Nemi lambar NAFDAC da sunan kamfanin da ya shigo da kayan, dubi ko rubutun ya fita tsaf ba kuskuren harafi, ka ga ko an taɓa ɓalle marfin. Barolo ko a Italiya ba shi da arha, ga kuɗin jirgi, ga na kwastan. In aka miƙo maka shi a farashin lemon kwalba, ka tuna araha ba ta ado.

4. Daidaita sanyi, sannan ka buɗe

Littattafan Turai sukan ce a sha jan ruwan inabi da zafin ɗaki. Ɗakinsu suke nufi, mai digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas. Ɗakinmu a watan Afrilu ya haura 30, kuma a wannan zafi barasa ce kawai ke tashi ta bugi hanci, ƙamshin 'ya'yan itace ya ɓace. Wannan ne kuskuren da na fi gani a gidajen abincinmu.

Masu nauyi a baki kamar Cabernet da Shiraz suna son digiri 16 zuwa 18. Matsakaita kamar Merlot da Chianti 14 zuwa 16. Marasa nauyi kamar Beaujolais da Pinot Noir 12 zuwa 14. Kwalbar da ta fito daga ɗaki mai zafi, sa ta a firiji minti 40 zuwa awa ɗaya, ko a bokitin ruwa da ƙanƙara kamar minti 15. Gara ta ɗan zarce da sanyi, domin kofi zai ɗumama ta cikin 'yan mintuna. Amma in ta yi sanyi ƙarara ƙamshi zai kulle, bauri ya yi kaifi.

Yanke ledar marfin a ƙasan leɓen kwalbar, goge bakin, soka mabuɗin a tsakiyar toshiya, ka murɗa kusan har ƙarshe ba tare da ka huda ƙasanta ba. Ja a hankali. Zuba sulusin kofi kawai, ka riƙe kofin ta ƙafa don kada tafin hannunka ya ɗumama shi.

5. Duba launi

Karkata kofin a kan farar takarda, ka dubi gefen ruwan inda ya yi siriri. Ja mai ratsin shuɗi alamar ƙuruciya ce. Ja tsantsa ya ɗan kwana biyu. In gefen ya koma launin jan bulo, shekaru sun ja. In ya zama ruwan ƙasa gaba ɗaya alhali takarda ta ce shekararsa uku, iska ko zafi sun gama da shi.

Kada ka auna kyau da duhu. Pinot Noir da Nebbiolo tun suna sabbi launinsu bai da kauri, kuma Nebbiolo na cikin mafiya ƙarko a duniya. Zirin da ke gangarowa jikin kofi bayan ka juya shi ma yawan barasa ko sukari kawai yake nunawa.

6. Shinshina

Nan ne aikin yake, domin mafi yawan abin da muke kira ɗanɗano hanci ne ke kama shi. Fara shinshinawa kafin ka motsa kofin. Sannan ɗora ƙafarsa a tebur, ka juya shi kamar sau biyar, ka sa hanci ciki ka ja numfashi gajeru biyu ko uku. Huta, ka sake. In ka daɗe da hanci a ciki zai gaji ya daina ji.

Ƙamshin hawa uku ne, kuma ka neme su bi da bi.

Hawa na farko daga inabin kansa yake. Tambayi kanka tukuna: jajayen 'ya'yan itace nake ji ko baƙaƙe? Jajaye su ne irin sitiroberin Jos, ceri da rumman, har da wani tsami-tsami mai kama da na zoɓo. Wannan shi ne gidan Pinot Noir, Gamay da Sangiovese. Baƙaƙe sun fi duhu da nauyi, kusa da ɗinya nunanniya, kuma nan za ka sami Cabernet Sauvignon, Malbec da Shiraz. Bayan haka nemi abin da ya keɓanta da kowanne. Cabernet kan zo da ƙamshin koren tattasai, musamman in an noma shi a wuri mai sanyi, wani sa'in da na'a-na'a. Syrah na kwarin Rhône a Faransa na da ƙamshin masoro fili. Inabin ɗaya ne da Shiraz na Barossa a Ostireliya, amma zafin can ya sa nasu ya fi nuna, ya fi kauri. Nebbiolo na haɗa furen wardi da wani abu kamar kwalta, kuma masu sonsa wannan haɗin suke nema. Pinotage, wanda Abraham Perold ya samar a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu a 1925 ta hanyar haɗa Pinot Noir da Cinsaut, yakan zo da hayaƙi da baƙaƙen 'ya'yan itace.

Ka lura da yadda 'ya'yan itacen suke: ɗanye, nunanne, ko dafaffe kamar jam. Dafaffe na iya zama daga ƙasa mai zafi, amma in ya haɗu da toshiyar da ta turo, laifin ajiya ne.

Hawa na biyu daga hannun mai yi ne, galibi daga gangar itacen oak. Gangar Bordeaux lita 225 take ci, kuma ana gasa cikinta da wuta kafin a zuba ruwan. Daga nan ake samun vanila, kanunfari, kirfa, gahawa, cakulan da hayaƙi. Oak na Amurka, wanda Rioja ta daɗe tana amfani da shi, ya fi ba da kwakwa da vanila. Na Faransa ya fi laushi, ya fi karkata ga kayan yaji. In itace ya danne komai har ba ka jin inabi, ba alamar tsada ba ce. Masu arha da yawa gutsattsarin itace ake jefa musu a tanki.

Hawa na uku shekaru ne ke kawo shi, kuma saboda shi ake wahalar ajiya. Sabbin 'ya'yan itace sukan koma busassu, kamar zabibi, ɓaure da dabino. Sai jemammiyar fata, busasshen ganyen taba, naman kaza, da ƙamshin ƙasa mai laima. Wanda bai saba ba yakan ɗauka ruwan ya lalace. In ƙamshin na da daɗi kuma har yanzu akwai ɗan 'ya'yan itace a ƙarƙashi, lafiyarsa ƙalau.

Hanya mafi sauƙi ta horar da hanci tana kicin. Zuba masoro, kanunfari, kirfa, kwakwa, zabibi da yankan koren tattasai a ƙananan kofuna, rufe ido, wani ya riƙa miƙo maka kana faɗin sunan. Ka rubuta kalmar da ta zo maka, ko da ba ita ce a littafin Bature ba. Littafin zai ce maka wani ɗan itace ne da ba ka taɓa gani ba, kuma haddace sunan abin da hancinka bai sani ba ba zai taimake ka gaban baƙo ba.

7. Gane wanda ya lalace

Warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya yi funfuna: sinadarin TCA ne daga toshiya. Ba ya cutarwa, amma ya kashe ƙamshin kuma ba ya fita, sai ma ƙaruwa in iska ta taɓa shi. A mayar da kwalbar.

Warin ruwan khal ko ruwan goge farce: ya fara komawa tsami. Warin tuffa da aka yanka ta kwana, tare da launin ruwan ƙasa: iska ta cinye shi. Warin bargar doki: wani yis ne da ake kira Brettanomyces, kaɗan daga ciki wasu na so, in ya yi yawa aibi ne. Warin bara-gurbi ko ashanar da aka ƙyasta kuwa sau da yawa rashin iska ne, don haka juye ruwan a tulun gilashi ka jira minti 20 kafin ka yanke hukunci.

Ƙananan duwatsu masu ƙyalli a jikin toshiya ko gindin kwalba ba fasasshen gilashi ba ne. Gishirin inabi ne da sanyi ya daskarar, ba ya komai.

Gargaɗi ga mai hidimar tebur: 'yar kurɓar da ake zuba wa baƙo da farko don ya duba waɗannan aibobi ne. In ya ce akwai warin kwali, shinshina da kanka, ka kai wa manaja. Kada ka tsaya gardama a tebur.

8. Kurɓa ka tofar

Kurɓi kamar cokali ɗaya, ka zagaya da shi ko'ina a baki na daƙiƙa biyar zuwa goma, ka ɗan ja iska ta tsakanin leɓɓa, sannan ka tofar ka fitar da numfashi ta hanci. Abu biyar za ka auna, ɗaya bayan ɗaya.

Zaƙi. Mafi yawan jan ruwan inabi na asali ba su da sukari, yis ya cinye shi. Ƙamshin nunannen ɗan itace kan ruɗi mutum ya ce akwai zaƙi. Toshe hanci ka taɓa da kan harshe, za ka gane.

Tsami. Bayan ka tofar, sunkuyar da kai ka ɗan buɗe baki. In miyau ya taru da sauri, tsamin na da yawa. Sangiovese, Nebbiolo da Pinot Noir suna da shi sosai. Ruwan da bai da tsami yakan zama lami, ya gunduri mutum tun kofin farko.

Bauri. Wanda ya taɓa tauna goro ya san yadda dasashi da harshe ke bushewa su kama. Haka sinadarin tanin ke yi, kuma daga fatar inabi, ƙwayarsa da gangar itace yake fitowa. Shafa harshe a dasashin sama ka ji. Abin tambaya biyu ne: yawansa, da kuma laushinsa. Akwai bauri mai yawa amma mai santsi, akwai kuma mai kaushi da ɗaci irin na inabin da bai nuna ba. Na farko shekaru na tausasa shi. Na biyu yakan zauna yadda yake har 'ya'yan itacen su gudu su bar shi.

Barasa da nauyi. Ɗumin da ka ji a maƙogwaro barasa ce. In tana ƙuna, ko dai ruwan ya yi zafi, ko kuma bai daidaita ba.

Daɗewa. Ƙirga daƙiƙa nawa ɗanɗano mai daɗi ya zauna bayan ka tofar. Na yau da kullum kan ɓace kafin daƙiƙa biyar. Mai kyau na kai 15 ko 20, manya kuma su haura rabin minti. A ganina wannan ma'auni ya fi farashi faɗin gaskiya.

Wani abu a gefe, tunda baƙi na tambaya: kitse da nama suna tausasa bauri, shi ya sa Cabernet ke tafiya da gasasshen rago. Yajin tsire kuwa yana ƙara ƙunar barasa, don haka ba da mara nauyi mai ɗan sanyi. Kifi da mai bauri sosai kan bar ɗanɗanon ƙarfe a baki.

9. Yanke hukunci: a sha ko a ajiye?

Koma littafinka. Kwalbar da za ta jure shekaru sai ta haɗa abu uku: tsami mai kyau, bauri isasshe mai laushi, da ɗanɗanon 'ya'yan itace mai kauri da daɗewa. Tsami da bauri ne ke kare ruwan daga lalacewa, 'ya'yan itacen kuma su ne abin da ake karewa. In akwai biyun farko babu na uku, bayan shekara goma ruwa mai tsami da kaushi za ka tarar. In na ukun ne kaɗai, daɗinsa na yau ne, a sha shi bana. Pinot Noir mai kyau na Bourgogne bai da bauri sosai, tsaminsa ne ke riƙe shi, don haka kada ka raina shi.

Ga kimantawa, ana ƙirgawa daga shekarar girbi, kuma bisa sharaɗin ajiya mai sanyi. Beaujolais Nouveau, da ake fitarwa ranar Alhamis ta uku ta Nuwamba, a sha shi cikin 'yan watanni. Masu arha na babban kanti, da jajayen nan masu zaƙi da ake yawan kaiwa biki, shekara ɗaya zuwa uku. Crianza, Chianti na yau da kullum, da matsakaicin Malbec ko Pinotage, uku zuwa shida. Rioja Reserva, Chianti Classico Riserva da Cabernet mai kyau na Stellenbosch, biyar zuwa goma ko ɗan fiye. Barolo, Brunello, Gran Reserva da manyan gidajen Bordeaux, goma zuwa ashirin, wasu su zarce. Port na Fotugal mai shekarar girbi, wanda ƙarfinsa ya kai kashi 20, yana iya yin shekaru da dama saboda sukari da barasar da ke cikinsa.

Akwai gwaji mai sauƙi. Bar rabin kwalba, mayar da toshiya, sa a firiji, ka sake gwadawa gobe da jibi. Wanda ya ƙara buɗewa a rana ta biyu yana da sauran tafiya. Wanda ya mutu kafin safiya ba na ajiya ba ne. Gwajin ba ya faɗin adadin shekaru, amma yana raba waɗanda za a ajiye da waɗanda za a sayar yanzu.

Gargaɗi: kada ka sayi kwalba ɗaya tak ka ajiye. Sayi uku ko shida iri ɗaya, ka riƙa buɗe ɗaya duk shekara ko biyu kana rubutawa. Ranar da ka ji hawa na uku ya fito kuma 'ya'yan itace na nan, lokaci ya yi, kada ka ƙara jira da sauran. Ka kuma sani cewa ba kowa ke son tsohon ruwan inabi ba. Baƙi da yawa sun fi son sabo mai ƙamshin 'ya'yan itace, kuma ba laifi a zaɓinsu.

10. Ajiya

Abin da ake so digiri 12 zuwa 14 ne, ba hawa ba sauka, da duhu, da laimar iska kashi 60 zuwa 70, ba girgiza. Kwalba mai toshiyar itace a kwance ake ajiye ta don toshiyar ta zauna a jiƙe. Mai marfin murɗawa tana iya tsayawa.

Masana sinadarai na da ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin sauyin da ke faruwa a cikin abu. Kwalbar da ke digiri 33 ke nan tana tsufa kusan ninki huɗu na wadda ke 13, kuma tsufan gaggawa ba ya ba da ƙamshin hawa na uku, dafuwa kawai yake kawowa. Hawa da sauka ya ma fi muni: ruwa ya kumbura da rana, ya tsuke da dare, toshiya na zuƙo iska kowane zagaye. Hunturu kuma na busar da toshiya daga waje.

Zaɓin da ke gabanka uku ne. Na farko firijin ruwan inabi na musamman, kuma ka lissafa kuɗinsa tare da na inbata ko sola, domin in wuta na ɗaukewa rabin yini, hawa da saukar da muke gudu ce ka saya da kuɗinka. Nemi mai kwamfiresa. Ƙananan nan marasa kwamfiresa ba sa iya saukar da sanyi sosai in ɗaki ya yi zafi. Na biyu firijin kicin, mai digiri kusan 4: ya yi na makonni ko 'yan watanni, amma iskarsa busasshiya ce, ga girgiza, ga warin abinci. Na uku, ga wanda bai da ko ɗaya, ɗaki mafi sanyi a tsakiyar gida, a ƙasa, cikin kwalinsa, nesa da kicin, janareta da bangon da rana ke duka. Wannan na wata biyu zuwa uku ne. Ko a Jos da Mambila, inda yanayi ya fi sauƙi, sa ma'aunin zafi a wurin na mako guda ka ga gaskiyar lamarin kafin ka zuba jari.

Ga mai shago ko otal da bai da tsayayyar wuta, shawarata ita ce ya sayi kaɗan-kaɗan, mai sabuwar shekara, wanda ya fara shigowa ya fara fita. In ana son tsohon ruwa don wani babban taro, a sayi Reserva ko Gran Reserva wanda masu shi suka riga suka tsufar a rumbunsu na ƙarƙashin ƙasa. Ya fi arha a kan firiji da man janareta na shekara biyar.

11. Ranar buɗewa, da abin da ya rage

Tsohuwar kwalba, wadda ta haura shekara takwas zuwa goma, tsayar da ita kwana ɗaya ko biyu a wuri mai sanyi don lakar da ke ciki ta kwanta a gindi. Toshiyarta ta yi laushi, ja ta a hankali. In ta karye ta faɗa ciki, tace ruwan da tsabtataccen farin ƙyalle marar warin sabulu. Juye shi a tulun gilashi a zubi ɗaya ba tsayawa, da tocila a ƙarƙashin wuyan kwalbar, ka dakata da zarar ka ga laka ta iso wuya. A kai tebur nan da nan, domin tsohon ruwa na iya dusashewa cikin rabin awa. Sabon mai bauri ne ke son iska, shi kam ba shi awa ɗaya ko biyu a tulu. Cire toshiya kawai a bar kwalba a buɗe ba ya yin komai, bakin ya yi ƙanƙanta.

Kwalbar mililita 750 na ba da kofi biyar na 150 ko shida na 125, da haka ake lissafin farashin kofi. Abin da ya rage a toshe shi a sa a firiji, ko da ja ne, zai kai kwana uku zuwa biyar. In rabi ne, juye shi a ƙaramar kwalba mai tsabta ta cika har wuya, zai fi daɗewa. Rubuta ranar buɗewa a jikin takardar da biro, ka kuma shinshina kowace buɗaɗɗiyar kwalba kafin a fara hidimar yamma.